Wardin Sahiya

Shekara uku ke nan da rasuwar Sahiya,
wardin da ta dasa a gindin katanga
bai sake ba ni fure ba.
Ba ciwo yake yi ba. Ku zo ku gani:
ganye shar kamar an shafe shi da mai,
rassa sun wuce tsayina,
ƙaya ta yi ƙwari kamar ƙahon ɗan akuya.

Ni na san abin da na ba shi.
Ruwan famfo tun kafin assalatu,
unguwar Ali Ɗan Sofo na barci;
kashin tantabarun maƙwabcina, kwano bayan kwano;
farin takin nan da ake aunawa da tiya a Babbar Kasuwa,
kowane wata sai na barbaɗa.
Na bar bedi ya shimfiɗa masa inuwa
don kada ranar bazara ta taɓa shi.
Almakashi kuwa na jefa shi ƙasan akwati.
Wa zai sa ƙarfe a jikin abin da hannunta ya dasa?

Ran Laraba na hau kabu-kabu har Jiratawa,
na ɗauko Nomau mai lambu,
wanda ta sayi dashen a hannunsa
bayan ciniki mai tsawo, jikka ɗaya da rabi.

Ko kallon ganyen bai yi ba.
Ya durƙusa, ya tona gindin da yatsa,
ya nuna mini ƙulli kamar gwiwar tsoho.
"Nan na aura shi," in ji shi.
"Saiwar ta daji ce, mai jure ƙishirwa,
na saman ɗan gata ne, shi ke da jan hure.
Wanga kurmi da kake taƙama da shi
duk daga ƙasan ƙulli ya hito.
Malam Cayabu, shekara uku kana kiwon jaki,
ka mance da kayan da ya ɗauko."

Na ce ban gane ba. Na gane.

Ya buɗa rassan, ƙaya na yagar hannun rigarsa,
can ciki, inda haske ba ya kai,
ga wani ɗan reshe siriri kamar tsinken tsintsiya.
"Ƙirga ganyen. Na daji bakwai-bakwai.
Wanga biyar. Shi ne nata.
Kuma ko shi, in ya ƙoshi yana kwance a inuwa,
mi za ya sa shi wahalar hure?
Rage taki. Ba shi rana. Ba ni almakashi."

Kafin azahar tsakar gida ta cika da kore.
Awakin Lantana suka yi walima a ƙofar gida.
Aka sare wa bedi hannu ɗaya,
rana ta faɗo kan katanga ba sallama.
Abin da ya rage bai kai kamu biyu ba:
kututture, ƙulli, da ɗan tsinken nan.
Na biya Nomau ban dube shi ba.

Sai da dare na tuna.
Duk ƙarshen damina Sahiya kan tsuguna nan,
ta ɗaure zane, ta datse shi har ya ba ni tausayi.
In ce, "Kashe shi za ki yi?"
Ta ce, "Kai dai je ka sha shayinka."
Ita ba ta taɓa lallashinsa ba.
Ni ma, in na tuna da kyau, ba ta cika lallashina ba.

Yau kwana goma sha tara.
Buhun taki na rataye a zaure, bakinsa ɗaure.
Ruwa sau biyu a mako, ba ƙari,
ko da hannuna na ƙaiƙayin buta.
Fure dai babu tukuna,
Nomau ma bai yi mini alkawari ba.
Amma da safen nan, saman ƙulli,
wani toho ya ɓullo, ja-ja kamar lalle bai gama kamawa ba.
Na sa tabarau, na durƙusa har gwiwa ta yi ƙara.
Na ƙirga: biyar.
Na sake ƙirgawa.